Jego a ƙasar waje: yadda za ki bi da kwana arba'in na farko

A Jos, mace ba ta yin jego ita kaɗai. Tun kafin a kira sallar asuba an ɗora garwar ruwa a murhu, wata tsohuwa ta tsinko ganyen darbejiya, wata tana dama kunu, kuma kafin hantsi 'yan barka sun cika tsakar gida suna karɓar jariri hannu zuwa hannu, har uwar ta samu ta runtsa. Haka na yi jegon ɗana na fari a gidanmu da ke Anguwan Rogo. Na biyun kuwa na haife ta a Ingila cikin watan Disamba, a wani gida mai ɗaki biyu a hawa na uku, daga ni sai maigidana. Abin da zan faɗa a nan ya fi shafar Ingila, domin ita na sani, amma mafi yawansa zai yi wa wadda take wata ƙasa amfani, muddin ta tambayi dokar inda take zaune.

Aikin farko shi ne ki ƙirga hannuwan da za su taimake ki tun ciki yana wata bakwai, ki daina sa rai cewa za su zo da kansu kamar yadda suke zuwa a gida. Hutun da doka ta ba uba ma'aikaci a Ingila mako 2 ne kacal, saboda haka ku zauna da maigida ku tsara yadda zai haɗa shi da hutunsa na shekara. Ki dafa miyar kuka da ta kuɓewa da farfesu masu yawa, ki raba su a ƙananan robobi ki sa a firiza, domin ranar da jariri ya kwana yana kuka ba za ki iya tsayuwa a kan tukunya ba. Ku sayi kujerar mota ta jarirai kafin naƙuda, tunda doka ta hana a rungume jariri a cinya cikin motar gida. Idan Allah ya sa mahaifiyarki ko wata gwaggo za ta taso daga gida, a nemi biza da wuri, a kuma gaya mata abin da za ta zuba a jaka: garin kunu, kuka, busasshiyar kuɓewa, yajin jego, zannuwan goyo da majanyi. Kilishi da man shanu su tsaya a Jos, domin an haramta shiga Birtaniya da nama ko kayan madara daga ƙasashe irin namu, kuma ana ƙwacewa a filin jirgi. Kayan jaririn da aka aiko daga gida kuwa, ki sunsuna su. Idan an adana su da kafur, ki wanke su sosai kafin su taɓa jikinsa, domin kafur yana farfasa jinin wasu jarirai ya jawo musu shawara mai tsanani, kuma irin wannan jinin yana da yawa a cikin 'ya'yanmu maza.

Batun wankan jego shi ne wanda ya fi tayar da hankalin iyaye a gida, kuma tambayar farko da za ki ji a waya ita ce, "Wa yake yi miki wanka?" Gaskiyar magana, amfanin wankan yana cikin ɗumi da hutu da kulawar da maijego take samu, kuma waɗannan duka za ki iya samun su a banɗaki na zamani. Ki tara ruwa mai ɗumi a bokiti, irin wanda fatar hannunki za ta iya jurewa, ki gasa jikinki da tawul safe da yamma yayin da maigida yake riƙe da jariri. Idan tiyata aka yi miki ko an yi miki ɗinki, kada ki fara sai kin tambayi ungozomar asibiti. A kan kunun kanwa kuwa ina da ra'ayi mai ƙarfi: likitocin Zariya tun shekarun 1970 suka danganta yawan shan kanwa da kwanciya a kan gado mai wuta da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Ki sha kunun gyaɗa ko na tsamiya ko koko iya son ranki, ki ci nama da ganye, ki sha ruwa sosai, amma kanwa ki bar ta, musamman idan jininki ya hau lokacin goyon ciki.

Mu mutanen Jos muna alfahari da cewa mun san sanyi, kuma wannan alfaharin ne yake sa mu yi kuskure. A gida, da hunturu ya shigo sai a naɗe jariri da rigar sanyi da hula da bargo biyu a rufe tagogi. A can kuwa gidajen suna da na'urar ɗumama ɗaki, kuma haɗarin da ake tsoro shi ne zafi ya yi wa jariri yawa yana barci. Ɗakin da zai kwana ya kasance tsakanin digiri 16 zuwa 20, a cire masa hula idan yana cikin gida, a kwantar da shi rigingine a gadonsa kusa da naki har ya kai wata 6, babu filo, babu tarin tsummoki. Ki taɓa ƙirjinsa ko ƙeyarsa domin ki san ko yana jin zafi, kada ki auna da tafin hannunsa, wanda kusan kullum da ɗan sanyi yake. Abu mafi haɗari shi ne barci ya kwashe ki a kan kujerar falo kina rungume da shi, kuma wannan yana faruwa da ƙarfe uku na dare ga wadda ta gaji. Idan kika ji idonki yana rufewa, ki ajiye shi ko ki tashi maigida. Turaren wuta ma sai an yi hattara. Ni na kunna shi a kasko kwana huɗu da haihuwa domin ɗakin ya yi ƙamshin jego, nan take ƙararrawar gobara ta ɗauki kuka, maƙwabta suka fito a kan matakala, ni kuma ina tsaye da zani ɗaurin ƙirji ina kaɗa tawul a ƙarƙashinta. Ko babu ƙararrawa, hayaƙi ba ya yi wa huhun jariri daɗi, don haka ki turara kayanki a wani ɗaki daban.

Za a riƙa ƙwanƙwasa miki ƙofa, kuma kada ki ɗauke su a matsayin 'yan leƙen asiri. Ungozoma takan zo gida a kwanakin farko, a rana ta 5 za ta tsaga dugadugin jariri ta ɗibi ɗigon jini domin gwajin wasu cututtuka, ciki har da sikila, wadda ta shafe mu ƙwarai. Tsakanin kwana 10 zuwa 14 wata ma'aikaciyar lafiya za ta karɓe ku, za kuma a ba ki wani jan littafi da ake rubuta nauyin yaro da alluransa. Abubuwa biyu ki kula da su, domin ba kowane ma'aikaci ne ya saba da baƙar fata ba. Na farko, shuɗin tabon nan da yawancin jariranmu suke zuwa da shi a gadon baya ko ɗuwawu, ki nuna shi ki sa a rubuta a littafin tun ranar farko, domin kada wata rana wani ya ɗauka shaidar duka ce. Na biyu shawara: ba ta saurin bayyana a fatarmu, don haka ki duba farin idonsa da dasashinsa da tafin hannunsa a hasken taga, idan kin ga rawaya ki kira ungozoma a ranar, kada ki tsaya shanya shi a rana. Ki kuma tambayi ɗigon sinadarin bitamin D da ake ba jaririn da ke shan nono kowace rana, domin ranar can ba ta isar mai baƙar fata, balle a Disamba da magariba take yi wajen ƙarfe huɗu.

Yanzu sai shawarwarin da za su riƙa zuwa ta WhatsApp daga Jos, waɗanda duk ƙauna ce ta kawo su. Za a ce ki ba shi ruwa domin yana jin ƙishi, alhali nono zalla ya ishe shi har wata 6. Za a ce a lasa masa zuma, ita kuwa ba a ba yaron da bai shekara ba, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna. Idan sunna ake so a raya, ɗan laushin dabino a dasashi ya wadatar. Kwalli yakan ƙunshi dalma, wadda take lalata ƙwaƙwalwar yaro a hankali. Cibi ba ya buƙatar gashi da tsumma ko man goge baki, a bar shi a bushe da tsabta, zai faɗi da kansa cikin mako ɗaya ko biyu. Cire beli kuwa babu wanzamin da zai yi shi a can, kuma babu asarar da aka yi. Ban ga amfanin yin gardama da tsohuwa a waya ba. Ni abin da nake cewa shi ne, "To Umma, na ji, Allah ya ƙara girma, amma likitar nan ta hana, kuma suna zuwa dubawa." Sai ta ce, "Ai shi ke nan, ƙasarsu ce," a wuce wurin.

Ranar suna takan zo da kewa, amma tsara ta ba wuya. Maigida ya yi wa jariri huɗuba, ya sanar da sunan a masallacin unguwa bayan sallar asuba, a raba dabino. Ba a yanka rago a bayan gida a can, domin yankan addini sai a mayankar da hukuma ta amince da ita, saboda haka ko dai ku ba mahauci mai sayar da naman halal oda, ko ku tura kuɗi gida a sayi rago a 'Yan Shanu a yanka a ƙofar gidan kakanni, wanda a ganina ya fi, tunda masu buƙatar naman suna gida. Ku yi kiran bidiyo lokacin da ake addu'a. Da hunturu agogon Najeriya yana gaba da awa ɗaya, da bazara kuwa daidai suke. Takardu kada su yi sanyi: rajistar haihuwa a Ingila cikin kwana 42 ake yin ta, a Sikotlan kwana 21, kuma ku tabbatar an rubuta sunan daidai da yadda yake a fasfo ɗinku harafi da harafi. Tun 1983 haihuwa a Birtaniya kaɗai ba ta mai da yaro ɗan ƙasa, saboda haka idan da biza kuke zaune, sai ku nema masa lambar NIN, ku kuma nemi fasfon Najeriya ta ofishin jakadancinmu da ke Landan, sannan a nema masa izinin zama irin naku, kuma kada ku fita da shi daga ƙasar kafin wannan ya kammala idan kuna da niyyar komawa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne shirun gidan bayan maigida ya koma aiki. Kuka ba dalili a makon farko abu ne da aka saba gani, kuma yakan wuce cikin mako biyu. Idan ya zarce haka, kina jin ba ki da amfani, ko barci ya ƙi zuwa ko da jariri ya yi shiru, ki gaya wa ma'aikaciyar lafiya ƙarara. Fiye da mace 1 cikin 10 tana shiga wannan hali, yana da magani, kuma faɗarsa ba ya sa a raba ki da ɗanki. Ki goya shi ko ki sa shi a keken jarirai ki fita kowace rana ko da na minti ashirin ne, ki nemi matan Arewa da ke garin ta hanyar masallaci ko coci, idan wata ta ce me za ta kawo miki, ki ce tuwo, kada ki ce babu komai.

Ki liƙa lambobi biyu a jikin firij: 111 domin neman shawarar gaggawa, 999 idan rai yana cikin haɗari. Jaririn da bai kai wata 3 ba, idan zafin jikinsa ya kai digiri 38, ko ya ƙi kama nono, ko numfashinsa yana sama-sama, asibiti ake kai shi a daren, ba a jira wayewar gari. Alluran rigakafi a can ana yin su a mako na 8 da na 12 da na 16, saɓanin gida da ake yi a mako na 6 da na 10 da na 14, kuma allurar tarin fuka da ake yi wa kowane jariri a Najeriya ba kowa ake yi wa a Ingila ba, amma ɗanki ya cancanta saboda asalin iyayensa, don haka ki tambaya idan ba a kira ku ba. Idan kuna shirin kawo shi Jos a gan shi, ki ga likita makonni kafin tafiya a kan maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, ki sa jan littafin a jakar hannu, ki kuma ce a ɗaura gidan sauro a ɗakin da za ku sauka.