Yadda Ake Koya wa Yaro Mai Galahanga Harshe da Na'ura Mai Furta Kalmomi

Yara da dama masu galahanga, wato lalurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane, suna fahimtar abin da ake faɗa fiye da yadda bakinsu ke iya mayarwa, kuma domin irinsu aka ƙera na'urar da ke furta kalma idan aka taɓa hotonta. Akwai manhajar Proloquo2Go wadda ake saya a ɗora a iPad, akwai kuma Cboard wadda kyauta ce, tana aiki a wayar Android. Iyaye sukan ji tsoron kada na'urar ta hana yaro buɗe baki, amma binciken masana bai nuna haka ba, hasali ma wasu yaran suna ƙara furta kalmomi bayan sun saba da ita. Kafin a fara komai, a kai yaron a gwada jinsa, kuma mazauna Bauchi suna iya neman shawara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa.

Yawancin manhajojin ba su zo da muryar Hausa ba, saboda haka a naɗi muryar wani yaro sa'ansa yana faɗin kowace kalma, idan kuma Fulatanci ko Sayanci ake yi a gidan, a naɗa da shi. Kada a cika allon da sunayen abinci kawai. Kalmomi irin su ƙara, a'a, so, tafi, tsaya, taimaka da gama su ne suke shiga kowace hira daga safe zuwa dare. Kalmar da aka ajiye a wuri a bar ta nan, domin yatsan yaro yana haddace wurin.

A ganina, aikin da ya fi kowanne nauyi yana wuyan manya, wato su riƙa magana da na'urar su da kansu, kamar yadda jariri yake shafe shekara yana jin Hausa kafin a ji kalmarsa ta farko. Idan ana karin kumallo da masa, uwa ta ba shi guda ɗaya, ya cinye, sai ta ce "Kana so a ƙara?" tana taɓa hoton ƙara a gabansa. Daga nan ta yi shiru kamar daƙiƙa 10 tana kallonsa. Shirun nan yana da wuya ga uwa, amma a cikinsa yaro yake haɗa tunaninsa. Idan bai taɓa ba, ta sake taɓawa da kanta ta ba shi, ba tare da ta kama hannunsa ta danna ba. Idan ya taɓa a'a, a janye masar ko da ana zaton kuskure ya yi, domin ta haka zai gane cewa kalmarsa tana aiki. A guji yi masa jarrabawa irin ta "nuna mini hoton akuya".

Kada a ƙwace na'urar domin horo, kada kuma a ɗora mata wasanni. A nuna wa mahaifinsa da yayyensa da kakarsa da malaman boko da na Islamiyya yadda ake amfani da ita. Tun da wutar lantarki ba ta da tabbas, a buga allon kalmomin a takarda da tsarinsa yadda yake, a manne shi da leda, a riƙa saka shi a jakar yaron domin ranar da caji ya ƙare.