Daga filin unguwa zuwa kulob: yadda ake zaƙulo ɗan ƙwallo a Makka da Jidda

Kasuwar mai zaƙulo 'yan wasa, wanda Larabawa ke kira kashshaf, ita ce filin unguwa, musamman gasannin azumi da ake bugawa bayan tarawihi. Yaranmu ba baƙi ba ne a harkar: 'yan wasa uku masu laƙabin Hausawi ne Saudiyya ta je da su gasar cin kofin duniya ta 2018, Usama da Umar da Mu'utaz, duk 'yan baya. Usama, kyaftin ɗin tawagar, a Al-Wahda ta Makka ya taso.

Ka isa fili rabin awa kafin a take wasa, ka zauna inda kake hango fili duka. Kada ka yanke hukunci da wasa ɗaya. Kalli uku aƙalla, ɗaya ya zama ranar da aka lallasa ƙungiyar yaron da kake bibiya, don a nan ake gane mai zuciya.

Yanka da gwaninta su ke ruɗin 'yan kallo. Kai ka ɗauke ido daga ƙwallo ka ɗora a kan yaron. Yana waiwayawa kafin a miƙo masa? Taɓawar farko tana ajiye masa ƙwallo inda zai tafi, ko sai ya bi ta da gudu? In an matse shi ta hagu, yana da ƙafar hagun, ko sai ya juya neman dama? In aka ƙwace masa, bi yake yi ko tsayawa yana ɗaga wa alƙalin wasa hannu? Rubuta minti da abin da ya faru nan take, ƙwaƙwalwa tana ƙara gishiri.

Inda aka fi yin asara shi ne faɗin fili. Yaron da ya saba da ƙaramin filin roba na mutum shida-shida, in aka sa shi a mai tsawon mita 105 da faɗin 68, sai ka ga iska ta ƙare masa ana dawowa hutun rabin lokaci. Ya buga wasannin sha ɗaya-sha ɗaya na 'yan makonni kafin a kai shi gwaji Al-Wahda, ko Al-Ittihad da Al-Ahli na Jidda. Bidiyon da za a tura ya zama na wasa cikakke, ba tsintar ƙwallayen da ya ci ba.

Sai takardu, kuma gara a fara da su tun kafin a sa wa yaro rai. Mai shaidar ɗan ƙasa hanyarsa a buɗe take. Wanda aka haifa a Saudiyya amma iyayensa baƙi ne, wato mawalid, sai da takardar haihuwa da iƙama (takardar izinin zama) mai rai, kuma gurabensu ƙididdigaggu ne, don haka a tambayi kulob ƙa'idar kakar da ake ciki. Rage shekaru kuwa tonon asiri ne, domin FIFA na ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekaru a gasar 'yan ƙasa da 17 tun 2009.

Ka tarar da mahaifin yaro a gida kafin kowace magana ta kuɗi. Ka gaya masa dokar FIFA ta hana kai yaron da bai cika shekara 18 ba wasa wata ƙasa sai da 'yan togaciya, kuma ba a ɗaure shi da kwantiragin da ya wuce shekara 3. Duk dillalin da ya ce a ba shi kuɗin gwaji a Turai, a ce ya fara nuna lasisinsa na FIFA.