Yadda ake sassaƙa ƙotar bindigar farauta da hannu

A Amurka da Turai akwai mutanen da harbi bai dame su ba kamar yadda itacen da ke jikin bindigar farauta ya dame su. Mutum zai sayi guntun katako, kullum ya taso daga aiki ya shige ɗakin sassaƙarsa, ya yi watanni yana fere shi har ya zama ƙotar da ta zauna daidai da kafaɗarsa da kuncinsa. Kamfanin Purdey na Landan, wanda aka kafa a 1814, har gobe sai ya auna mai saye kamar yadda tela ke auna mai riga kafin a taɓa katakon. A garin Trinidad na jihar Kolorado ta Amurka kuma akwai kwalejin da ke koyar da wannan fanni tun 1947. Mu ma abin ba baƙonmu ba ne, domin bindigar toka ta maharba da ta 'yan bindigar hawan sallah, ƙarfenta aikin maƙeri ne, itacenta aikin sassaƙa.

Kafin a ɗauki zarto, a san matsayin doka. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta tanadi lasisi har ga bindigar toka, kuma ƙera bindiga ko gyara ta ba tare da izinin hukuma ba laifi ne. Wanda ba shi da izini sai ya koyi aikin a kan samfurin katako zalla, irin na ado da ake ratayewa a bango. Hannu ɗaya ne, basira ɗaya ce.

Zaɓen katako

Nan ne rabin aikin yake. Itacen da masu wannan sana'a suka fi so shi ne walnat, na Turkiyya ko na Faransa ko baƙin nan na Amurka, saboda yana da ƙarfi ba tare da nauyi ba, yana karɓar sassaƙa, kuma ba ya saurin tsagewa in bindiga ta tashi. Dogayen bindigogin jihar Fensilbeniya ta Amurka na ƙarni na 18 kuwa yawanci da itacen mapul aka yi su. A nan gida, maɗaci ne ya fi kusa da abin da ake nema. Ƙirya ta yi tauri da nauyi, a bar ta wa turmi da taɓarya. Madobiya tana da kyan launi ƙwarai, sai dai an yi mata sara har ta kai an sa ta cikin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe.

Katakon ya kai kaurin inci 2 da rabi zuwa 3, kuma ya bushe ƙayau. Masu aikin katako kan ƙiyasta shekara guda ga kowane inci na kauri in a inuwa ake shanya shi, tare da toshe bakinsa biyu da kakin zuma ko fenti don kada ya daddage. Ɗanyen katako zai yi maka kyau a damina, hunturu na shigowa ya murɗe.

Sannan ka duba yadda zaren itacen ya kwanta. Wuyan ƙota, wato inda hannu ke kamawa a bayan kunama, shi ne wuri mafi sirantaka, kuma nan take karyewa. Dole zaren ya bi tsawon wuyan a miƙe. Duk wani zane mai ɗaukar ido, murɗe-murɗe da gizo-gizon nan da ke sa katako tsada, a tura shi can gindi inda akwai faɗi. Sabon shiga yakan ruɗu da kyan zane ya manta da wuya.

Awo da zane

Daga kunama zuwa ƙarshen gindi, bindigogin kamfani kan yi kusan inci 13 da rabi. Kai naka awon za ka bi. Yanki kwali mai kauri ko falange a siffar da kake so, ka rufe ido, ka ɗaga shi zuwa kafaɗa, ka buɗe ido. In idonka ya faɗa kan layin saiti ba tare da ka lanƙwasa wuya ba, awon ya yi. In ba haka ba, ƙara ko rage tudun da kunci ke hawa. Sai ka kwafi siffar a jikin katakon, ka yanke da zarto kana barin rara ta ko'ina, ka ja layin tsakiya da fensir ya zagaye katakon gaba ɗaya. Duk lokacin da sassaƙa ta share layin nan, maida shi nan take.

Zaunar da ƙarfe cikin itace

Mutane kan ɗokanta su fara fitar da siffar waje. Kuskure ne. Ciki ake fara yi, tun katakon yana da gefuna miƙaƙƙu da za a iya damƙe shi sosai a kan benci. Ka tabbatar babu harsashi, ka raba ƙarfen da tsohuwar ƙota, kuma kada ka taɓa komai a na'urar kunama, wannan ba aikin masassaƙi ba ne.

Ka ɗora ƙarfen a kan layin tsakiya, ka zagaye shi da fensir mai tsini, ka fara haƙa daga cikin layin da cizal mai kaifi. Da ramin ya fara karɓar ƙarfen, sai dabarar da ta fi kowace tsufa a wannan aiki: ka kanga ƙasan ƙarfen a kan harshen kyandir ko aci-balbal har ya yi baƙi da hayaƙi, ka saka shi cikin ramin a miƙe, ka ɗan buga da gudumar katako, ka ciro shi a miƙe. Duk inda ka ga baƙi a jikin itacen, nan ne ya tokare. Baƙin kawai za ka kankare, ba gefensa ba, kuma abin da zai fito bai wuce ɓawon albasa kauri ba. Ka sake kangawa, ka sake sakawa. Da farko ɗigo biyu ko uku za ka gani. Sannu a hankali ɗigon zai yi ta yawa yana haɗewa, har baƙin ya shimfiɗu ko'ina. Wannan zagaye za ka yi ta maimaita shi har ka gaji da ƙirgawa, kuma ranar da ka ji haƙurinka ya ƙare, ajiye cizal ka tafi. Itacen da aka cire ba ya komawa.

Wuri biyu ke son kulawa ta musamman. Na farko shi ne kafaɗar itacen da ke tare dukan bindiga in ta tashi, dole ƙarfe ya jingina da ita sosai. Na biyu shi ne can bayan ƙarfen, kusa da wuya, inda ake barin ɗan sarari kamar kaurin takarda, in ba haka ba ƙarfen zai riƙa dukan wurin har ya tsaga wuyan. Da yawa kuma kan bar bututun bindigar ba ya taɓa itace, har a iya zura takardar kuɗi a ƙarƙashinsa ta wuce, don kada kumburin itace lokacin damina ya karkatar da saiti.

Fitar da siffa

Yanzu ne magagari zai yi aiki. Kada ka fara da zagayewa. Ka share kusurwoyi su zama fuskoki miƙaƙƙu, huɗu su koma takwas, takwas su koma sha shida, sannan su narke su zama zagaye. Ka riƙa shafa wurin da tafin hannu ido a rufe, domin hannu na jin tudun da ido bai gani ba. Yawancin ƙotar farko takan fito da ƙiba, mai ita yana tsoron ragewa.

Goge da shafa mai

Samfefa daga lamba 80, sai 120, 220, har 320, kullum ana bin zaren itacen, ana naɗe ta a jikin guntun katako don kada gefuna su dushe. Ka rufe hanci, ƙurar walnat da ta maɗaci na damun ƙirji. Daga nan ka shafa jiƙaƙƙen tsumma, ka bari ya bushe, za ka ji gashin itacen ya miƙe. Goge shi, ka maimaita har ya daina tashi.

Man gargajiya a wannan aiki shi ne dafaffen man linsid, wanda ake tatsa daga irin wata shuka mai suna filaks, wasu kuma na amfani da man 'ya'yan itacen tung ko haɗin da ake sayarwa da sunan Tru-Oil. Ɗigo kaɗan a tafin hannu, a murza har wurin ya ɗauki ɗumi, a share ragowar, a bari ya bushe sosai kafin a ƙara. Tsofaffin Turawa kan ce a shafa kullum har mako, duk mako har wata, duk wata har shekara. Cikin ramin da ƙarƙashin farantin da ke rufe ƙarshen gindi su ma a shafa musu, ta nan danshi ke shiga. Tsumman da ya sha man linsid in an dunƙule shi yana iya kamawa da wuta da kansa, don haka a baza shi a waje ko a tsoma shi cikin ruwa.

Zanen riƙo

Ƙananan layukan nan masu giciye da ake tsagawa a wuya da gaban ƙota don kada hannu ya zame, su ne na ƙarshe, bayan mai ya bushe. Akan yi layi 18 zuwa 24 a kowane inci, da wani ɗan ƙarfe mai haƙora biyu, ɗaya na bin tsohon layi ɗaya na yanka sabo. Layuka biyun farko su ne jagora, in suka karkace sauran duk za su bi su. Itace mai laushi ko mai manyan ƙofofi kamar maɗaci ba ya riƙe layi matsattse, ka tsaya a 16 ko 18. Ka gwada hannunka a kan guntayen da suka rage daga yankan farko, masu lanƙwasa, ba masu faɗi ba, kafin ka kusanci ƙotar. In an gama, a goge tsagar da tsohon buroshin haƙori da ɗigon mai guda.