Yadda ake samo wa wufa mazauni a ɗakin kwamfuta

Ƙanena ya sayo lasifika irin mai uwa ɗaya da 'ya'ya biyu, wadda ake rubuta wa 2.1 a jikin kwali, ya jera su duka a kan teburin kwamfutarsa a ɗakin da yake haya a Garwa. Da ya kunna, kofin shayi ya shiga rawa, gilasan taga suka hau ƙara, amma a kujerar da yake zaune kiɗan fayau, babu nauyi. Ya ce, "Yaya, an cuce ni, mayar musu zan yi." Na ce ya dakata. Wufar, wato uwar lasifikan, lafiyarta ƙalau, mazauni ne ba ta samu ba.

Aikin wufa shi ne fitar da sauti mai kauri, daga wajen 20 zuwa 200 Hz (ma'aunin yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa), wato gurnanin ganga da jita mai kaurin murya irin ta kiɗan makosa na Kamaru. Sauti yana gudun kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka igiyar sautin 80 Hz tsawonta ya haura mita 4, kusan faɗin ɗakin haya ke nan. Idan ta bugi bango sai ta dawo ta ci karo da mai bin bayanta. A wani gurbin su haɗu su yi ƙarfi har kai ya yi ciwo, a wani kuma su kashe juna. Ɗakunanmu na bulo da siminti, ga daɓen tayil, ba sa shanye komai, duk abin da aka jefa musu sai su maido. Tsakiyar ɗaki ita ta fi fama da wannan rami da sauti yake mutuwa a ciki, shi ya sa murɗa ƙara ba ya magani.

Fara da sauke ta daga tebur. Tebur yana ɗaukar girgiza ya zama wata ganga, kuma idan kwamfutarka tana da tsohon faifan ajiya mai juyawa, girgiza ba ta yi masa daɗi. 'Ya'yan biyu su zauna a sama, dama da hagu, suna kallon kunnuwanka. Maɓallin kaurin sauti da ke bayan wufar ka tsayar da shi a tsakiya.

Yanzu sai babban aikin, wanda mai shigowa zai ɗauka ka zare. Ɗauki wufar ka ɗora ta a kan kujerar da kake zama, ka tokare ta da matashi ko kwali har ta kusa inda kanka yake kaiwa. Nemo wayar wuta mai tsawo idan ta gaza. Sa kiɗan da ka sani sosai, wanda kaurinsa yake hawa yana sauka, ka bar gaɓa ɗaya tana maimaituwa. Sai ka durƙusa ka yi rarrafe, kanka kusa da ƙasa: ƙarƙashin tebur, gefen dama, gefen hagu, gindin bango. Dalilin wannan wahala shi ne hanyar sauti ɗaya ce zuwa da dawowa. Gurbin da ka ji daɗinta tana kan kujera, idan ka kai ta can za ka ji wannan daɗin kana kan kujera.

A nan mutane suke kuskure. Ba inda ya fi ƙara ake nema ba. Ana neman inda kowane bugu yake fita daban, kana iya bin jitar da kunne kamar kana ƙirga matakala, ba wani ya yi tsawa wani ya ɓace ba. Duk gurbin da ya yi maka, ka sa masa alama da alli. Biyu ko uku sun isa. Maido da kujera, ka gwada wufar a kan kowace alama, ka zauna ka saurara.

Akwai sharaɗi ɗaya ga masu ƙananan lasifikan tebur. A manyan kayan kallon fim, 80 Hz ce iyakar da aka saba raba aiki tsakanin wufa da sauran, kuma ƙasa da nan kunne da ƙyar yake gane inda sauti ya fito. Amma 'ya'yan 2.1 ƙanana ne, ba sa iya sauka can, sai wufar ta riƙa ɗaukar har 150 Hz ko fiye, inda muryar namiji take shiga. Idan ka kai ta bayanka, za ka ji mai karanta labarai rabinsa a gaba, rabinsa a ƙeya. Saboda haka a cikin alamominka zaɓi wadda take gabanka, kusa da tebur.

Kusurwa kuwa tana ƙara ƙarfi sosai, don bango biyu da daɓe suna taya ta. Ni ban cika son ta ba, sautin yakan dunƙule, kuma maƙwabcin da kuka haɗa bango shi zai fi ka ji bayan isha'i. Idan ramin iskarta a baya yake, bar tazarar taƙi guda tsakaninta da bango. Kada ka cusa ta cikin kabad: na'urar ƙara sautin a cikinta take, zafin Maris da Afrilu a nan kuwa yakan haura digiri 40. Shimfiɗa mata guntun darduma ko soso mai tauri, kuma lokacin hunturu ka riƙa rufe ta idan an kashe, saboda ƙura.

In tana da maɓalli mai 0 da 180, sa wani ya riƙa juya shi kana zaune, ka bar shi a wanda sautin ya fi cika. Sannan ka rage kaurin a hankali har ka daina jin cewa daga akwatin yake fitowa.

Ta ƙanena a ƙasan tebur ta hagu ta samu wuri, taƙi biyu daga bango. Gilasan taga kuwa sai da muka cusa musu guntun kwali kafin suka yi shiru.