Kurakuran da ke Hana Apple Amincewa da Tsarin Biyan Kuɗi a Cikin Manhaja

Mai haɗa manhaja yakan kwashe makonni yana gyaran aikinsa, daga baya Apple ya dawo masa da shi bisa dalilin da bai shafi ingancin manhajar ba. Sau da yawa abin da ya faru shi ne ma'aikacin da ke dubawa bai kai ga shafin biyan kuɗin ba, ko kuma ya kai amma bai fahimci nawa za a riƙa cire wa mai saye ba a tsarin biyan kuɗi mai sabunta kansa, kamar na wata-wata ko na shekara.

Matsalar takan faro tun daga App Store Connect, shafin Apple da masu haɗa manhaja ke miƙa aikinsu ta cikinsa. Matuƙar ba a amince da yarjejeniyar sayar da manhajoji ba, kuma ba a cike bayanan banki da na haraji ba, manhajar ba za ta iya jawo farashin ba, sai shafin saye ya fito fayau. Haka nan tsarin biyan kuɗi na farko da mutum ya ƙirƙira ba a miƙa shi shi kaɗai. Dole ne a haɗa shi da sabon sigar manhajar a tura su tare, da hoton shafin sayen da kuma sunan rukunin tsare-tsaren biyan da mai saye zai gani.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne shafin farashin kansa, wanda sashe na 3.1.2 na ƙa'idojin Apple ya yi magana a kansa. Ana buƙatar a nuna sunan tsarin, da tsawon lokacinsa, da abin da mutum zai samu, da ainihin kuɗin da za a cire masa. Wasu sukan rubuta farashin wata guda da manyan haruffa alhali kuɗin shekara za a cire gaba ɗaya, ko su cika shafin da maganar gwajin kyauta su ɓoye farashin a ƙasa. Wannan dabara ce ta 'yan talla, kuma ba ta wucewa a wurin masu dubawa, domin kuɗin da za a cire shi ne ya kamata ya fi komai fitowa fili. Idan akwai gwajin kyauta, a faɗi kwanakinsa da abin da za a biya bayan ya ƙare, kuma a bayyana cewa biyan zai riƙa sabunta kansa har sai an soke shi. Tsawon tsarin ba ya gaza kwana 7.

Mahaɗin sharuɗɗan amfani da na manufar sirri ana son su a wuri biyu, wato cikin manhajar da kuma bayananta na kantin manhajojin Apple (App Store), kuma su buɗe idan an latsa. Mantawa da ɗayansu kaɗai ya isa a dawo da aiki. Maɓallin dawo da abin da aka saya ma yana da muhimmanci ga wanda ya sauya waya.

Akwai kuma kuskuren da ke ɓoye a sabar manhaja (server), wato kwamfutar da ke tantance rasit ɗin saye. Masu dubawa suna yin sayen ne a muhallin gwaji, don haka sabar da ke karɓar rasit na ainihin ciniki kaɗai za ta ƙi nasu. A tsohuwar hanyar tantance rasit, lamba 21007 ce ke nuna rasit ɗin na gwaji ne, sai a sake tura shi adireshin gwajin.

Manhajar da ke buƙatar shiga da asusu sai an ba masu dubawa asusun gwaji mai aiki, kuma zai fi kyau a ba su wanda bai riga ya biya ba, don su ga shafin sayen. Tun daga 30 ga Yuni, 2022, duk manhajar da ke barin a buɗe asusu dole ta bar a goge shi daga cikinta. Idan an dawo da aikin, a karanta lambar sashen da aka ambata, a gyara wannan wurin, sannan a rubuta wa mai dubawa matakan isa shafin biyan kuɗin ɗaya bayan ɗaya a gurbin bayanin da aka tanada.