Na'urar Fesa Ruwa ko Zaren Sakace?

Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ta kawo mini na'urar nan mai fesa ruwa tsakanin haƙora daga Kano. Tana fitar da guntun naman da ya maƙale tas, masu ƙarfen gyaran haƙori ma sun fi kowa morarta. Amma dattin nan mai danƙo da ke manne wa haƙori, zaren sakace, wato zare na musamman da ake goge tsakanin haƙora da shi, ya fi kankare shi. Ga ta da son caji, mu nan ƙauyen Ringim sai an kai shago.

Ku yanko zaren sakace kamu ɗaya, ku lanƙwasa shi jikin kowane haƙori a hankali har gindin dasashi, kullum kafin barci. Asuwaki ba ya shiga wannan lungun. Don Allah a bar tsinken tsintsiya. In dasashi ya yi mako 2 yana jini, a je asibiti.