Yadda za ka karanta katinka na asibiti idan kana shan maganin HIV

Duk wanda ya fara karɓar maganin HIV a Jos, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos ne, ko a Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, ko a ƙaramin asibitin unguwa, za a ba shi kati da takardun gwaji cike da haruffa da lambobi. Ma'aikatan jinya kuwa layi ne mai tsawo a gabansu, ba kullum suke samun sukunin yin bayani dalla-dalla ba, saboda haka ya kamata mai shan magani ya iya karanta takardarsa da kansa.

Fara da rarrabe HIV da ƙanjamau. HIV ita ce ƙwayar cutar, ƙanjamau kuwa mataki ne da ake kaiwa idan ƙwayar ta daɗe tana cin garkuwar jiki babu magani. Wanda ya riƙe maganinsa da kyau yana iya tsufa bai kai wannan mataki ba.

Daga nan sai ka nemi lambobi biyu, CD4 da VL, ka kuma riƙe cewa ta farko ana son ta hau, ta biyu ana son ta sauka. CD4 wasu fararen ƙwayoyin jini ne masu kare jiki, su ne HIV take kai wa hari. Mai lafiya yakan sami tsakanin 500 da 1,500, idan kuma suka gaza 200 to cutar ta yi nisa, sai likita ya bincika tarin fuka da wani nau'in sanƙarau, ya kuma ba da Septrin don kare mutum daga cututtukan da ke samun kafa idan garkuwa ta yi rauni. A da sai CD4 ta faɗi ake fara magani, amma tun 2016 ƙa'idar Najeriya ita ce a fara wa duk wanda gwaji ya nuna yana ɗauke da ƙwayar.

A ganina, VL ce ta fi cancantar ka sa mata ido, ko da yake waɗanda suka daɗe a kan magani sun fi sabawa da tambayar CD4. Ita VL tana nuna yawan ƙwayar cutar a cikin mililita ɗaya na jini, kuma ana auna ta wata 6 bayan fara magani, sannan a wata na 12, daga nan sau ɗaya a shekara. Idan ta yi ƙasa da 1,000, magani ya danne ƙwayar. Idan ka ga an rubuta TND, ko wata ƙaramar lamba kamar 20 ko 50 da alamar "ƙasa da" a gabanta, na'ura ba ta iya ganin ƙwayar ba ke nan. A nan ne wasu ke yin kuskure mai tsada, su ɗauka sun warke su ajiye magani, alhali ƙwayar tana ɓoye a jiki, kuma cikin 'yan makonni za ta sake yaɗuwa. Sai dai akwai albishir na gaskiya a ciki: wanda VL ɗinsa ta tsaya ƙasa da 200 ba ya sa wa matarsa ko mijinta cutar ta hanyar saduwa.

Idan VL ta haura 1,000, ba a gaggauta canza magani. Za a sa ka zaman nasiha da ake rubutawa EAC, a duba ko kana tsallake sha da abin da ke jawo hakan, a maimaita gwajin bayan kimanin wata 3. Sai idan ba ta sauka ba ne ake maganar ƙwayar ta bijire wa magani, a mayar da kai kan layi na biyu, wato wasu magungunan daban da ake ba wanda na farko suka daina yi wa aiki. Faɗin gaskiya a wannan zama ya fi komai amfani, domin magungunan da suka rage bayan layin farko ba su da yawa.

Maganin kansa ana rubuta shi ARV ko ART, kuma wanda akasarin manya ke sha yanzu shi ne TLD, haɗin tenofovir da lamivudine da dolutegravir a ƙwaya ɗaya, sau ɗaya a rana. Maganin ƙarin jini da na ƙarin ƙarfin ƙashi da wasu magungunan gyambon ciki suna rage shigar dolutegravir jiki, don haka ka tambayi mai ba da magani tazarar da za ka bari. TPT ko INH kuwa rigakafin tarin fuka ne, ba alamar kana da shi ba.

Ga mai juna biyu, PMTCT shi ne tsarin kare jariri, wanda ya haɗa da maganin uwa, da maganin ruwa ga jinjiri, da gwajinsa a mako na 6. PrEP kariya ce da marar cutar ke sha tun kafin haɗari, PEP kuwa bayan haɗari ake shan ta, kamar sukar allura ko fyaɗe, na kwana 28, kuma dole a fara ta cikin awa 72.

Kafin ka tashi daga gaban ma'aikaciyar jinya, ka ce mata: "Sista, don Allah nawa ne VL ɗina na ƙarshe, kuma yaushe za a sake ɗibar jinina?" Ka rubuta amsar tare da kwanan wata.